Me ya sa gaɓar ƙarshen kalma take sauya kama idan ana magana?

Ɗalibar Harshe:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An ba mu aikin naɗar hira da kuma rubuta ta daidai yadda aka furta, sai na zaɓi hirar da na yi da kakata. Da na zauna ina maimaita sauraro, sai na lura cewa farkon kalma ba ya ba ni wahala, amma ƙarshenta ba ya tsayawa a kan hali ɗaya. Inda na saba rubuta "gidan Bala", kunnena yana jin "gidam Bala". Inda na saba rubuta "ragon nan", ina jin "ragwan nan". Kuma idan ta rufe zance da "malam", ba ta haɗe leɓɓanta kamar yadda harafin m yake bukata. Shin wannan sakacin baki ne irin na mai saurin magana, ko kuwa akwai ƙa'idar da ke tafiyar da shi?

Tsohon Malamin Aji:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babu wani sakaci a bakin kakarki, rubutun boko ne yake ɓoye mana abin da kunne yake ji. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (wato ai da au), sai kuma baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe ta. Harshen bai yarda dogon wasali ya zauna a cikin gaɓar da baƙi ya rufe ba. Yawancin sunayen gama-gari da dogon wasali suke ƙarewa, kamar gidaa da raagoo idan muka ninka wasalin don a gani, saboda haka da zarar an liƙa musu -n ko -r, dole wasalin ya gajarce. Idan wasalin o ne ko e, ba gajarcewa kaɗai yake yi ba, yakan karkata zuwa a, shi ya sa kika ji "ragwan", inda o ta tafi amma ta bar zagayen leɓenta a kan g. Tagwan wasali kuwa rabinsa yake zubarwa, kuma wannan ma har a rubutu mun amince da shi ba tare da mun lura ba: rai ya zama "ranka ya daɗe", kai ya zama "kansa", mai ya zama "man fetur", kyau ya zama "kyan gani".

Batun "gidam Bala" naso ne, domin n takan ɗauki mafurtar (wato wurin furucin) baƙin da ke biye da ita. Idan kuma babu abin da ke biye da ita sai shiru, to n da m dukansu sukan koma can bayan baki su fito ta hanci, kamar ƙarshen "nan" da "can".

Abin da ya fi burge ni shi ne wurin tsayawa. Ki ɗora yatsa a maƙogwaronki, ki ce "na sayi sabo", sannan ki ce "na ga Sabo". A ta farko murya takan zarce har ta mutu a hankali, a ta biyu kuwa maƙogwaro yakan datse ta da hamza, saboda wasalin ƙarshen sunan mutumin gajere ne. Haka Dogo da dogo, haka Baƙo da baƙo, haka kuma "gida" a cikin "ya gina gida" da "yana gida".

Basakkwace:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya tsaya a kan karin harshen Kano fiye da kima. A wajenmu -r da ake liƙa wa sunayen jinsin mace ba ta cika fitowa a matsayin r ba, takan rikiɗe ta zama baƙin da ke biye da ita, sai a ce "rigab Bala" da "hulas sarki", yayin da mutanen Zazzau da yawa sukan ce "rigan Bala". Kuma lamarin bai tsaya ga ƙarshen kalma ba, baƙaƙe da dama sukan yi rauni idan suka faɗo ƙarshen gaɓa. Bajamushen nan August Klingenheben ya bayyana wannan tun wajajen 1928, kuma har yanzu masana da sunansa suke kiran dokar. Mu muna cewa sabro da amre da zamna, Kanawa suna cewa sauro da aure da zauna. Talaka kuma ya haifi talauci a bakin kowa. Shi ya sa idan wasalin ƙarshe ya shafe, baƙin da ya rage a tsirara shi ma yakan sauya, kamar yadda kada ta zama kar, masa kuma ta zama mas ko mar.

Mai Nazarin Waƙa:
Ƙari kaɗan game da aikatau, 'yar'uwa. Wasalin ƙarshen "kama" dogo ne a cikin "ya kama shi", amma gajere ne a cikin "ya kama ɓarawo". Tambaya ma tana da nata aikin: ki kwatanta "ya fita" ta ba da labari da "ya fita?" ta tambaya, za ki ji a ta biyun hamzar ta ɓace, wasalin ya miƙe. Marubuta waƙa da ajami sukan nuna wannan tsawo da alif ko wawu ko ya, domin awon baiti ba ya daidaita sai an bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A aikinki na makaranta ki rubuta "gidam" yadda kika ji, amma a wasiƙa ko jarrabawa "gidan" ce daidai.

Ɗalibar Harshe:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gwada yatsa a maƙogwaro, kuma na ji datsewar sarai. Saura abu ɗaya, Malam: me ya sa ake cewa mutum amma "mutumin kirki"? Daga ina wannan i ta fito?

Tsohon Malamin Aji:
Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar baƙi biyu a ƙarshenta, don haka -n ba za ta iya hawa kan m kai tsaye ba sai wasali ya shiga tsakani. Haka malam yake zama "malamin makaranta", haka kuma kalmomin aro irin su tebur da fensir suke zama "teburin" da "fensirin". Ki sake sauraron hirar, ina kyautata zaton za ki sami irinsu da dama a bakin kakarki.