Wai Radha ta kyauta kuwa da ta harbe ɗanta a Mother India?

Ummu Hanifa:
Salam jama'a. Jiya ni da Inna muka kalli Mother India, tsohon fim ɗin nan na 1957 da Nargis ta fito a Radha, wallahi har yanzu ƙarshensa na damuna. Matar da dutse ya danne wa mijinta hannuwa ya rasa su, kunya ta sa ya sulale cikin dare ya bar ta da yara, ita ta ja garma da kanta, ambaliya ta cinye gida, duk ta jure dan yaran nan su rayu, sai kuma ta ɗau bindiga ta harbe ɗanta Birju saboda 'yar mutumin da ya cuce su? Dan Allah ku fahimtar da ni.

Baban Sadiƙ:
'Yata, mu a silimar Plaza ta Fagge muka gan shi muna samari, ƙarti da gemu suna share hawaye. Ai gidan su Radha tun ranar bikinta ya fara rushewa. Rufi 500 na kuɗin Indiya uwar miji ta ranto wajen Sukhilala mai ba da bashi da ruwa aka yi hidima, sai ga shi duk kaka yana kwashe kashi 3 cikin 4 na amfanin gona wai kuɗin ruwa, uwar kuɗin na nan daram, su ba su iya karatu ba, littafin bashin kuma yana hannunsa. Yaron da ya tashi yana kallon ana awon hatsin uwarsa ana tafiya da shi yana jin yunwa, me kike so ya zama? Shi ya sa aka buɗe fim ɗin da taraktoci da sabuwar hanyar ruwa, Indiya shekara 10 da samun 'yanci, ana nuna zamanin irin su Sukhilala ya kusa ƙarewa.

Zee Tudun Wada:
Baba da gaskiyarka, amma ni ina bayan Radha. Rupa 'yar Sukhilala me ta ci wa Birju? Ubanta ne azzalumi, ita amarya ce ranar aurenta ya ɗauke ta a kan doki. Radha ɗin da ta ƙi sayar da mutuncinta ga Sukhilala yaranta na kukan yunwa, ta ya za ta tsaya ɗan cikinta ya keta na 'yar wani? Kuma sai da ta gargaɗe shi fa.

Ummu Hanifa:
Anti Zee haka Inna ma ta ce, amma ni wajen da ya faɗo yana miƙo mata awarwaronta da ya ƙwato, jini a jikinsa, nan na tashi na bar ɗakin. Inna ko tashi ba ta yi ba, ta dai ja bakin mayafi ta rufe fuska.