Me za mu kira huile essentielle ta ɗoɗɗoya? Gobe da safe za a naɗi shirin

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Na maƙale. Gobe ƙarfe 9 na safe za mu naɗi shirin lafiya a rediyonmu nan Damagaram, a kan ɗoɗɗoya. Takardar da aka miƙo mini da Faransanci take, kuma huile essentielle ta cika ta daga sama har ƙasa. Na rubuta "muhimmin mai", na karanta wa uwargida, sai ta ce na girki ko na babur? Ku agaza kafin lisha.

Mushen SVT (malamin kimiyyar halittu): Ƙanena, goge muhimmin nan tukuna. Essentielle ɗin ba ta muhimmanci ba ce, daga essence ta fito, wato abin da ke riƙe da ƙamshin tsiron. Ka murza ganyen tsakanin yatsu, ƙananan jakunkunan da ke jikinsa ne kake fasawa, shi ne ƙamshin yake tashi. Shi kansa "mai" ɗin da ɗan rauni: ɗiga man gyaɗa a kaye ka ga tabon har gobe, ɗiga wannan kuwa, an jima ya bi iska. Ni man ƙamshi nake ce wa yara a aji. Sannan ka tabbatar wace ɗoɗɗoyar ce. In basilic africain aka rubuta, Ocimum gratissimum ce, sunan da masanin tsirrai Linné ya sa mata a 1753, ta gida mai faɗin ganye wadda kan kai ƙirjin mutum ko ta wuce. Ƙaramar da ke fitowa bayan gari da damina dabam take, ko da yake duk dangin na'ana'a ne, kara mai kusurwa huɗu, ganye biyu-biyu suna kallon juna.

Ɗan Zango: Tunda daga essence ne, ka ce isansin ɗoɗɗoya mana, gobe ƴan kabu-kabu su yi layi a ƙofar rediyo.

Baba mai ritaya: Yara ku bar wasa. Hausa ba ta rasa kalma ba, masu ita ne suka yi lalaci. Ku dubi yadda ake fitar da abin: a cika tukunyar ƙarfe da ganye, tururi ya ratsa shi, ya kwashi ƙamshin, ya bi bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya ware gefe guda. Me ganyen ya yi? Zufa ya yi. Zufar ganye. Na daɗe da ƙirƙiro ta, ga ta nan a kyauta.

Malamin zaure: Larabawa zaitun ɗayyar suke cewa, mai mai tashi. Ya dace da bayanin Mushe.

Ɗan Zango: Allah gafarta Malam, a ce "mai mai tashi" a rediyo, rabin gari za su zaci kuɗin lita aka ƙara.

Mai shirin lafiya: Baba, ku yi haƙuri, zufa da ƙamshi ba sa zama inuwa ɗaya. Wace mata za ta sayi zufa ta shafa?

Baba mai ritaya: Wanda ya fara cewa jirgin sama ma dariya aka yi masa. Jirgi na ruwa ne, aka ɗora shi a sama, yau wa ke tambaya? Ku maimaita zufar ganye sau uku a shiri, kunne ya saba.

Bakano a Sabon Gari: Ni ban ga abin wahala ba. Tataccen mai, shi ke nan. Haka za a rubuta a Kano, kuma daidaitacciyar Hausa ai an san inda take. 'Yan uwa ku riƙa leƙa ƙamus.

Baba mai ritaya: Ka ji shi. Tataccen mai ai man gyaɗan shago ne da aka tace, an koma tambayar uwargida. Kuma ɗana, Hausar da ta cika da fetur da tebur da bokiti ba ita za ta zo Birni ta koya mana tsarki ba. Kafin ka ce komai, ƴan ake rubutawa a nan, da ƙugiya. Ƙa'idar rubutunmu tun 1999 take.

Bakano a Sabon Gari: Ranka ya daɗe, ku da kuke tafiya lakwal da montur a hannu da bik a aljihu? Mun ara daga Ingilishi, kun ara daga Faransanci, ba wanda ya fi wani wanka.

Ɗan Zango: Ka yi a hankali, nan garin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ne. Kakanninka sun san ƙurar dawakinsa.

Bakano a Sabon Gari: Sun sani. Sun kuma san bai kwana cikin ganuwa ba.

Mai shirin lafiya: Don Allah jama'a, yaƙin Kano da Damagaram ya haura shekara 120, nawa kuwa gobe ne da safe.

Hajiya mai turare: Tun ɗazu ina karantawa ina dariya, maza kun tafi neman abin da ke cikin ɗaki. Mu a kasuwar Dole madara muke cewa. Madarar turare, wadda ba a surka ta da komai ba, ɗigo biyu ya ishi kwalbar humra. In ka ce madarar ɗoɗɗoya, duk macen da ta taɓa haɗa kayan amarya ta gane abu ne mai ƙarfi, kaɗan ake sawa, kuma da tsada.

Mushen SVT: Hajiya kin burge ni. Tsadar ma da dalili, abin da ke fita wajen kashi 1 cikin 100 ne na nauyin ganye, sau da yawa bai ma kai ba. Ka tara buhuna ka tashi da ƴar kwalba. Na janye man ƙamshi.

Ungozoma a Mirya: Kar ka janye, Mushe. Hajiya, a rumfarki madara daidai ce, don mai saye yana ganin kwalbar. Rediyo kuwa ana jin sa a ƙauyen da madara ɗaya aka sani, wadda ake ba yaro. Mutanenmu sun saba da ganyen: a dafa a sha don ciwon ciki da zawo, a yi sirace don mura, a ajiye reshe a ɗaki saboda sauro, a jefa a miya. Wannan tsohon sani ne, ban zo rushe shi ba. Amma ruwan dafaffen ganye dabam, abin kwalba dabam. Na kwalba yana ƙona fata in ba a surka ba, ba a sha, ba a ɗiga wa jinjiri a hanci, mai ciki ta nisance shi. Wani irin ɗoɗɗoyar eugenol ne ya fi yawa a cikinsa, sinadarin kanumfari wanda masu aikin haƙori ke amfani da shi, wani irin kuma thymol. Wanda ya taɓa tauna kanumfari ya ji harshensa ya mutu ya san ba abin wasa ba ne. Ka ce madara da daddare, da safe wata ta auna wa ɗanta cokali. Kuma ɗan'uwa, tunda bakinka ya kai, ka faɗa musu zazzaɓi a je likita a yi gwaji, ɗoɗɗoya ba ta maye gurbin sange.

Hajiya mai turare: To ai ba a shan turare, ƴata.

Ungozoma a Mirya: Shi ya sa sai an ce turaren, Hajiya. Kina cire shi kika bar madara ita kaɗai, an koma nono.

Baba mai ritaya: Kun gani? Zufa ba wanda zai sha. Kalmata ce kaɗai ba ta kashe kowa.

Mai shirin lafiya: Ga abin da na rubuta, an kira lisha. Farkon ambato: "man ƙamshin ɗoɗɗoya, wanda ake fitarwa da tururi, mai ƙarfi kamar madarar turare, ba na ci ba ne, ba na sha ba." Daga nan sai man ƙamshi kawai. Eugenol zan ce sinadarin kanumfari. Thymol na tsallake shi.

Bakano a Sabon Gari: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Amma ba laifi. A sa "tatacce" a gaba dai.

Mushen SVT: Ba tacewa ake yi ba, turarawa ake yi. Bar shi haka.

Hajiya mai turare: Man ƙamshi a wurinmu man shafawa ne na kanti, amma ku je da shi, in an kira waya ana tambaya kun neme ni.

Baba mai ritaya: Ban yarda ba, na dai yi shiru. In mai saurare ya ce bai gane ba, ka san inda zufar ganye take. Kuma a rubutunka na farko na ga kana ta cewa rediyo, mu da muka taso radiyo muke cewa a garin nan.

Mai shirin lafiya: Baba, wannan sai jibi. Akwai wanda ya san me zan ce wa antifongique? Tana shafi na 2.