Abin da ake faɗa wa mai bincike da abin da ake yi a madafa da rumbu

Ɗalibar digiri na biyu, Kano

Assalamu alaikum, malamaina da abokan karatu. Ina rubuta kundina ne a kan tsaftar abincin da ake sayar wa yara a ƙofar makarantun firamare, wato awara da ɗanwake da alale da shinkafa da wake. Na bi hanyar da aka saba, na shirya takardar tambayoyi a kan ƙa'idoji biyar na Hukumar Lafiya ta Duniya: tsafta, raba ɗanye da dafaffe, dafa abinci ya dahu sosai, ajiye shi da zafinsa ko cikin sanyi, da amfani da ruwa mai kyau. Amsoshin da na samu sun yi kyau ƙwarai, domin kusan duk wadda na tambaya ta san cewa ana wanke hannu da sabulu, ana kuma rufe abinci saboda ƙuda.

Da na koma na zauna kusa da su tun daga safe har aka tashi daga makaranta, sai na ga wani abu dabam. Ruwan roba ɗaya ake ɗauraye kwanuka da cokula a ciki har a tashi, kuma hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke saka awara a leda. Da na tambayi wata dattijuwa dalili, ba ta yi musu ba, sai ta lissafa mini kuɗin jarkar ruwa a wurin 'yan garuwa da ribar da take samu a yini. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fita bincike ko wayar da kai a kan abinci, ya kuma ga irin wannan tazara tsakanin amsar baki da aikin hannu, ya gaya mana abin da ya gani da yadda ya yi da shi.

Tsohon malamin gona, Katsina

Wa alaikumus salam. 'Yata, abin da kika gani shi muka yi shekaru muna gani a kan ajiyar wake. Babu manomi ko ɗan kasuwar da na taɓa tambaya ya ce mini zuba maganin ƙwari a cikin abin da za a ci abu ne mai kyau. Amma wake ba ya jira; idan aka bar shi haka nan a buhu, kafin 'yan watanni ƙwari sun huhhuje shi, mutum kuma yana kallon guminsa na shekara yana zama gari. Shi ya sa ake yayyafa masa Sniper da makamantansa, ko a jefa ƙwayoyin Phostoxin a buhu a ɗakin da mutane ke kwana. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar irin wannan magani da aka riƙa samu fiye da ƙima, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper a kasuwanni. Duk mun sanar da mutane wannan a taruka da gidajen rediyo, kuma sun saurara da ladabi.

Ban ga canji na gaskiya ba sai da buhun PICS ya zo, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhu na uku, ana ɗaure kowace dabam, iska ta ƙare wa ƙwarin su daina ci da haihuwa. Ba wa'azi muka yi ba. A gaban mai gari da jama'a aka zuba waken mutanen garin, aka ɗaure, aka ajiye a hannunsu, sannan bayan watanni aka sake taruwa aka kwance. Wanda ya damƙi waken nan da hannunsa ya ga babu huji bai ƙara neman bayani ba. Tambayarsa ita ce ina ake sayar da buhun, kuma a nan ne sau da yawa muka rasa amsa mai daɗi, domin akwai kakar da za a nemi buhun a kasuwar ƙauye a rasa, ko a samu jabu mai siririyar leda. Duk inda buhun ya yanke, sai a koma wa magani.

Mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje, Zariya

Baba ya taɓo inda nake so in tsaya, sai dai ni a kan gyaɗa da masara na yi aiki, wato gubar aflatoksin da wata fumfuna ke haifarwa idan amfanin gona ya sha fari a gona, ko bai bushe sosai ba aka tura shi rumbu. Gubar nan tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin hanta, haɗarinta kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da cutar hanta nau'in B, wadda ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dafuwa da suya irin na gida ba sa kawar da ita. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara, wani bincike kuma da aka buga a 2002 a kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna cewa yaran da suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan alamar gubar a jininsu.

Saƙon da muka kai wa mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli mai sauƙi ne: a tsince gyaɗa, a fitar da ruɓaɓɓiya da tsumburarriya da wadda ta canza launi. Da muka koma, kowa ta ce tana tsincewa, kuma gaskiya suka faɗa, na gani da idona. Abin da takardar tambayoyinmu ba ta tambaya ba shi ne ina tsintar take zuwa. Mai kyau ita ake kaiwa kasuwa domin ita ke da daraja. Wadda aka fitar ba a zubar da ita, ana haɗa ta a niƙa, a matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli, ƙulin ya shiga yajin tsire da kwaɗon rama, ko a yi miyar gida da ita, ko a bai wa kaji da dabbobi. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci kuwa tana fitar da wani nau'in gubar a nononta. Ke nan tsincewar ta tara gubar wuri ɗaya, ta kuma mayar da ita ga gidan da ya fi talauci. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ba zan iya duban matar da ta sayi gyaɗar nan da tiya da kuɗinta in ce ta haƙa rami ta binne wani kaso nata ba, alhali ban zo mata da abin da zai maye gurbinsa ba.

Binciken da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne wanda aka yi a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini aka buga a 2005. A can an haɗa koyarwa da kayan aiki: tabarmin shanya, buhunan da ke shan iska, katakon ɗora buhu don kada ya taɓa ƙasa, da nuna yadda ake gane gyaɗa ta bushe. Alamar gubar a jinin mutanen ƙauyukan da aka taimaka ta gaza rabin ta sauran ƙauyukan. Akwai kuma Aflasafe na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wato ƙwayoyin hatsi masu ɗauke da fumfuna marar guba, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, don fumfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri. Rigakafin tun daga gona da wurin shanya ya fi sauƙin karɓuwa, domin ba ya neman kowa ya zubar da abinci.

Ma'aikaciyar jinya, Maraɗi

Ina gaishe ku daga Nijar. A ɓangaren tamowa, babu uwar da ta taɓa zuwa awo da ba za ta iya maimaita miki "nono zalla har wata shida" ba. Amma idan zafin bazara ya tsananta, kakar yaro ce za ta ce a ba shi ruwa kada ƙishirwa ta kashe shi, uwar kuma yarinya ce da ba ta isa ta yi wa surukarta gardama ba. Mun daɗe muna koyar da wadda ba ita ke yanke hukunci ba. Da muka fara kiran kakanni da mazaje su ma su zauna, maganar ta fi shiga, ko da yake ba kowane gida ba.

Abin da ya fi tasiri a idona shi ne ba iyaye mata zaren awon damtse. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram ne ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka gwada wannan, aka kuma samu cewa uwaye, har waɗanda ba su yi karatu ba, suna iya auna 'ya'yansu daidai. Idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, uwa ta san lokacin zuwa asibiti ya yi. Na ga matan da da sai yaro ya galabaita suke kawo shi, yanzu suna zuwa da zaren a hannu suna nuna mini launin da suka gani. An ba su abin da za su yi da hannunsu ne a cikin ɗakinsu, ba tare da sun nemi izinin kowa kafin su auna ba.

Malamin jami'a, Sakkwato

Ina so in ɗan kare takardar tambayoyi, domin ɗalibanmu da kuɗin aljihunsu suke bincike, gwajin samfuri ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje kuma yana iya cinye abin da suka tanada. Takardar tana da amfani idan an san iyakarta. Abin da take aunawa shi ne sani, da kuma abin da mutum yake ganin ya dace ya faɗa wa baƙo. Alƙaluman da muka fi dogara da su, kamar na binciken lafiya na ƙasa na 2018 da ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, kashi 57 kuma a arewa maso yamma, da ma'aunin tsawo aka samo su.

Inda na fi shan wahala shi ne tambayar "me kuka ci jiya". Magidanci yana ganin rufin asirinsa ake son yayewa, sai ya ƙara nama a miyar da ba ta gan shi ba. Wani kuma yana zaton tallafi ne ke tafe, sai ya rage. Ga shi a kwano ɗaya ake ci, babu wanda zai iya cewa ga yawan lomar da yaro ya samu. Batun zubar da abinci ya fi wannan wuya, domin kowa ya san almubazzaranci abin ƙi ne a addini, babu mai amsa shi. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ƙiyasta wa kowane ɗan Nijeriya kilo 189 na abincin da ake zubarwa a gida a shekara, amma lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, rahoton 2024 kuma ya rage adadin sosai. A gidajen da na zauna a ƙauyukanmu, tuwon dare yana zama ɗumame, ƙanzo ana jiƙa shi, saura kuma na almajirai ne da dabbobi. Damuwata a nan ta lafiya ce. Ƙa'ida ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba zafi ba sanyi, a kuma tafasa shi sosai kafin a sake ci. Ɗumamen da ya tafasa har ciki ya fi aminci nesa ba kusa ba, amma shinkafar da ta kwana aka juye wa yaro a roba da sanyinta, wannan babu wanda ya auna abin da take yi wa cikinsa a unguwannin da na yi aiki.

Dillalin kayan gwari, Kura

Malamai, ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, amma na sha yi wa masu bincike jagora a gonakin Kadawa da wuraren lodi. Asarar da nake gani a tumatir take. Ana cika kwando har ya yi tozo, a jera wani kan wani a mota, a kama hanyar Legas cikin rana, kafin a isa kasuwar Mile 12 na ƙasa ya zama ruwa. Kowa ya san kwandon roba mai jeruwa ya fi, an kuma nuna mana. Sai dai kwandon gargajiya ana sayar da shi ne tare da kayan a wuce wurin, na roba kuwa sai an biya kuɗin dawo da shi fanko, wani lokaci ma ba ya dawowa. Idan kasuwa ta faɗi, sai a yanka a shanya kauɗa a ƙasa a bakin titi, ƙura da awaki suna bi ta kai.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma da girmamawa nake yin sa. An ɗebi samfurin kauɗarmu a leda an tafi da shi ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gani a ciki ba. Idan akwai cuta, mu da iyalanmu muke fara ci. Malama mai gwaje-gwaje, shin shanya a kan tamfol ta wadatar, ko sai an ɗaga daga ƙasa?

Mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje, Zariya

Alhaji, ƙorafinka gaskiya ne, kuma haƙƙinku ne a dawo muku da sakamako da Hausa, a wurin da aka ɗebi samfurin. Game da tambayarka, tamfol mai tsafta ya fi ƙasa nesa, domin yana raba tumatirin da turɓaya da kashin dabbobi. Amma ruwan tumatir yana kwanciya a kansa, shi ya sa gadon shanya da aka ɗaga kamar zuwa ƙugu, aka shimfiɗa masa raga ko asabari don iska ta ratsa ta ƙasa, ya fi saurin busarwa. A yanka da wuƙa mai tsafta, a ware ruɓaɓɓe tun kafin yanka, a nisanci bakin titi, a rufe ko a kwashe da yamma saboda raɓa. Kada a zuba a buhu sai ya bushe sarai, domin kauɗar da aka ɗaure da sauran danshi ita ce ke yin fumfuna a ɗakin ajiya.