Aikin farko, baitin farko

Mai Aparai, Yamai:
'Yan uwa, Asabar ɗin nan aka ba ni ɗaukar hotunan babban biki ni kaɗai da aparai, wato na'urar hoto, karon farko. Ga abin da ya zo mini:

Shekara uku ina riƙon fitila,
Yau aparai ya dawo hannuna.
Jikka ɗari aka ƙirga a Bukoki,
Rabi na kai wa Maigida, ubana.
Ya ce: auna haske a fuskar ango,
Farar shadda kan ruɗi ido a rana.

Ɗan Adar, Tawa:
Yaro, ango tsaye yake kamar turke,
Zo fagen kokowa ka gwada mana.
Tun 1975 ƙura ke tashi a Tawa,
Mai kama kaye a iska shi ne gwanina.

Hajiyar Wadata:
Allah ya yi albarka, ƙanena! Bar mutumen Tawa da ƙurarsa. Yamai ta san hoto tun zamanin mai ɗaukar hoto Philippe Koudjina, ba yau muka fara ba.

Mai Aparai (ga Ɗan Adar):
Yaya, na ga hotonka na bara,
Ɗan kokowa da makaɗi ɗaya ne a idona.
Goge gilashi kafin ka yi kirari,
Hazo ya cinye maka aikin kwana.

Malamin Aruli:
Ku dakata, aruli, wato awon waƙa, shi ne aikina. Ɗan Adar, karanta shekarar nan da baki ka ji: dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da biyar. Ɗango ɗaya ya haɗiye baiti guda, kari ya karye. Kai ma ɗana, ɗangonka na biyu yana ɗingishi.

Ɗan Adar:
Malam, mi ya kawo aruli fagen kokowa?
Ganga ke awo, ba alƙalami ba, a garina.

Malamin Aruli:
Ganga ma tana da ƙa'ida. Tambayi makaɗi in ya taɓa barin bugu ɗaya ya wuce.

Hajiyar Wadata:
Kun bar yaro da murnarsa kuna ta ƙirga gaɓa. Ƙanena, ka kwashe hotunan daga katin aparai kuwa? Ajiye su wuri biyu.

Mai Aparai (bayan kwana biyu):
Hajiya, na kwashe. Ku yi haƙuri, gyaran hotuna ya riƙe ni.

Maigida ya duba har ɗari biyu,
Bai ce uffan ba, sai bugun ƙirjina.
Ya tsaya kan uwar amarya tana hawaye,
Ya ce: wannan ka ɗauka, ba da sona.
Ya maido jikka hamsin ɗin da na kai,
Ya ce: sayi batir na biyu, ɗana.