Neman shawara: a-kori-kura mai ƙofa huɗu za ta iya zama motar gida?

Baban Nana, Mabera

Assalamu alaikum, dattawa da 'yan'uwa. Ni ma'aikaci ne a cikin garin Sakkwato, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbar tana da shekara 14, autan kuma bai cika biyu ba. Mahaifiyata tana Wurno, inda muke da fadamar gado da muke noman shinkafa da albasa, kuma kusan duk bayan mako biyu nakan leƙa can. Ƙaramar motar da nake hawa shekara tara ke nan ta gaji da wannan hidima, domin duk ranar da na ɗora mata buhu uku na taki sai gindinta ya zauna, da na sauka daga kwalta kuwa sai in riƙa jin cikinta yana kartar ƙasa har cikin raina. Shi ya sa na ƙudurta sayar da ita, in haɗa da abin da albasar bana ta kawo, in sayi a-kori-kura mai ƙofa huɗu ta hannu, wadda za ta kai yara makaranta da safe, ta kai ni ofis, ranar Asabar kuma ta shiga gona. Dillalai sun nuna mini Toyota Hilux da Toyota Tacoma da Ford Ranger, kowa yana yabon hajarsa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe irinsu: wacce ta fi dacewa da gida, kuma mai fetur zan ɗauka ko mai gas, wato dizal?

Bakanike daga Runjin Sambo

Wa alaikumus salam, Malam. Na fi shekara ashirin ina kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci, kuma abin da nake gaya wa kowa shi ne ya fara tambayar inda zai samu kayan gyara kafin ya tambayi kyan mota. Hilux mai injin fetur na lita 2.7, wanda ake kira 2TR, ita ce mafi sauƙin riƙo a nan, saboda wannan injin ɗin shi ne a cikin yawancin bas-bas ƙirar Hiace da ke jigilar fasinja, don haka fulogi, famfon ruwa, matatar mai da sauran tarkacensa ba sai an aika Legas ba, kuma yaron da ya yi shekara uku a gareji ya san shi ciki da bai. Sarƙa ce ke juya lokacin injin, ba bel ba, wanda hakan ya rage maka fargabar tsinkewa a hanya. Idan kuɗinka bai kai na ƙirar 2015 zuwa sama ba, wadda ta gabace ta, wato ta 2005 zuwa 2015, ba ta da abin kunya.

Maganar gas kuwa, ba na musun cewa injin gas ya fi ƙarfin ja kuma ya fi tsimin mai a doguwar tafiya. Matsalar ita ce injinan gas na zamani suna tura mai ta nozul da matsi mai tsanani, kuma ba sa yafe wa gurɓataccen mai. Ranar da ka sha gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa ya shige shi, kuɗin nozul huɗu da famfo zai cinye duk tsimin da ka yi a shekara. Mai ɗaukar kaya kullum zuwa Illela ko Gusau yana iya jure wannan caca, amma mai kai yara makaranta cikin gari ba shi da dalilin shiga cikinta.

Alhajin Arkilla

Ina tare da bakanike a kan fetur, amma zan ɗan kare Tacoma, domin ita nake hawa. An ƙera ta ne don kasuwar Amurka, inda mutane da yawa ke riƙe a-kori-kura a matsayin motar yau da kullum, shi ya sa yawancin waɗanda ake kawowa giyarsu atomatik ce, kuma tuƙinsu a cikin gari ya fi sauƙi. Ƙirar 2005 zuwa 2015 tana zuwa da injin silinda shida na lita 4.0 ko kuma mai silinda huɗu na lita 2.7, wanda shi ne dai 2TR ɗin da aka ambata a sama. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ni da kaina ina ba wa mutane shawarar su nemi ƙaramin injin, ko da yake ya fi wuyar samu a mai ƙofa huɗu.

Abu biyu za ka kiyaye, ƙanena. Akwai wadda ake kira Access Cab, mai ƙananan ƙofofin baya da ke buɗewa ta baya, dillali zai ce maka ƙofa huɗu ce, alhali kujerunta na baya ko ɗan shekara goma ba zai yi awa guda a kansu cikin daɗin rai ba. Na biyu, a jihohin Amurka masu ƙanƙara ana watsa gishiri a kan titi, gishirin kuma yana cin ƙarfen shasi. Kada ka biya kobo sai an hau da motar kan rami ka shiga ƙasa da tocila, ka ɗan bubbuga shasin da guduma. Inda ka ga an shafa baƙin fenti mai kauri sabo fil, to nan za ka fi tsananta bincike.

Maman Sadik, Gawon Nama

Da izinin iyayena maza, zan yi magana a madadin waɗanda ke zama a kujerar baya, tunda har yanzu kowa daga mazaunin direba yake magana. Baban Nana, ka ce kana da 'ya'ya biyar da mahaifiyarsu, da kai ku bakwai ke nan, kuma duk motocin da ka lissafa mazaunin mutum biyar gare su. Ina sauran biyun za su zauna? Na san amsar domin a gidanmu na gan ta: watan farko za a matsa su a baya, mahaifiyar ta rungume autan a gaba, wata na biyu kuma manyan yaran za su fara roƙon a bar su su hau bodi, ranar Sallah kuwa har da 'ya'yan maƙwabta. Mu wata rana a wajen wani shatale-tale mai babur ya gifta, maigidana ya take birki, yaronmu da ke tsaye a bodi ya bugi ƙarfen bayan gilashi, haƙoransa biyu na gaba suka tafi. Allah ya taƙaita, amma tun daga ranar na daina kallon bodi a matsayin wurin zama.

Sai kuma abin da ba a ganewa a gwajin minti goma. Sifirin bayan irin wannan mota an yi shi ne don ya ɗauki nauyi, saboda haka idan bodi babu kaya, duk ramin da aka faɗa sai ya tashi da na baya sama. Jinginar kujerar baya a tsaye take kamar bencin makarantar firamare, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ba su da kafar sanyi a baya, ga shi kowa ya san abin da watan Afrilu yake nufi a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Surukata, wadda ke fama da ciwon gwiwa, sai an ajiye mata kujerar tsugunno kafin ta iya hawa. Idan kana da niyyar ɗauko Inna daga Wurno zuwa asibiti, ka sa wannan a lissafi. Kayan cefane ma ba su tsira ba, domin da hunturu nakan iso gida in tarar da ƙura ta lulluɓe komai, da damina kuwa sai an nemi tamfol.

Direban hanyar Illela

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan tsalle, amma yana da magani mai araha. Mu mukan ajiye buhun yashi biyu a bodi daidai saman tayoyin baya, mu ɗaure su, kuma mu rage iskar taya zuwa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba na mota marar kaya, domin masu faci sun saba cika ta kamar za a ɗauki siminti. Yawan kujeru ne dai ba ni da maganinsa.

Malamin makaranta, Dandima

Malam Baban Nana, ina roƙonka ka ɗauki biro ka ƙirga kwanaki. A wata guda kana zuwa gona sau biyu, ka ce sau huɗu lokacin dashe da girbi, sauran kwana ashirin da wani abu kuwa tsakanin Mabera, makaranta da ofis kake. Tankin Hilux lita 80 yake ci, tsawonta ya haura mita biyar, kuma za ka riƙa jan wannan ƙarfen duka kowace safiya don ɗaukar jakunkunan makaranta, ka kuma nemi inda za ka juya ta a lungu. A ganina Toyota Sienna mai mazaunin mutum bakwai ko takwas ita ce motar gidanka, ranar taki ko kwasar albasa kuma ka yi shatar a-kori-kura daga tasha, wanda kuɗinsa a shekara ba zai kai bambancin farashin motocin biyu ba. Idan kuma zuciyarka ta kafe a kan mai bodi, ka duba Honda Ridgeline, wadda aka gina kamar motar gida ba a kan shasi daban ba, tana da laushin tafiya da akwati mai makulli a ƙarƙashin bodinta. Sai dai ita ma mutum biyar take ɗauka, cikinta bai kai na Hilux tsayi daga ƙasa ba, kuma kayan gyaranta sai an jira.

Bakanike daga Runjin Sambo

Malam, Allah shi gafarta maka, lissafinka daidai ne a kan kwalta. Amma Sienna doguwa ce mai ƙasa-ƙasa, kuma hanyar fadama da damina ba ta san lissafi ba. Wanda ya taɓa kafewa a laka da magariba, yana neman samari su tura shi, ya san darajar giyar taimako mai sa tayoyi huɗu su ja. Ford Ranger da Baban Nana ya ambata mota ce mai daɗin zama, haka ma Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max suna da ƙarfi, illa dai duk wanda ya saya ya fara tabbatar da cewa yana da bakaniken da ke da na'urar duba kwamfutarsu.

Dattijo mai ritaya, Gidan Igwai

'Ya'yana, kun yi maganar inji da kujera, ni zan yi maganar takarda, domin a nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na sayi mota a hannun wani dillali da ya rantse mini cewa takardunta cikakku ne, aka tsayar da ni a hanyar Funtuwa, aka duba, sai ga shi lambar shasin da ke kan takardar kwastan ta bambanta da ta jikin mota da harafi ɗaya. Wata huɗu na yi ina zarya kafin in karɓo ta, da kuɗin da ya kusa sayen babur biyu. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, mu kuwa da ke kusa da Illela mun san ba a rasa masu biyo da su ta daji. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya a jikin mota da kan takarda, sannan ka je ofishin kwastan da kanka a tabbatar maka an biya haraji.

Ka kuma lura da sitiyari. Ana ƙera Hilux da yawa a Tailan, inda sitiyari yake a dama, wasu kuma sukan shigo da irinsu a mayar da shi hagu a gareji. Ka duba inda sandunan share gilashi ke kwantawa da yadda aka haɗa allon gaba, idan ka ga alamar yanka da walda, ka bar ta ko da rabin kuɗi aka ce. Waɗanda aka yi gwanjonsu daga ma'aikatu ko kamfanonin hanya kuma, kada adadin kilomita ya ruɗe ka, domin direba goma ne suka yi ta dukansu. Ka ɗaga kafet ka shinshina, motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ba ta rabuwa da warin rima da tsatsa a ƙarƙashin kujeru.

Baban Nana, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah shi saka wa kowa da alheri. Jiya da la'asar na bi shawarar Hajiya, na roƙi wani abokin aikina ya ara mini tasa mai ƙofa huɗu, na kwashi iyali gaba ɗaya muka zaga ta bayan gari. Yara huɗu sun matsu a baya, babu wanda ya iya ɗaura bel yadda ya kamata, Nana ta zauna a karkace har muka dawo, kuma kafin mu kai Kwannawa na biyun ya fara tambaya ko zai koma bodi. Da muka iso gida mahaifiyarsu ba ta ce komai ba, ta dai miƙo mini autan ta sauka tana dafe da ƙugu.

Abin da nake tunani yanzu shi ne kada in sayar da ƙaramar motar, in gyara ta ta ci gaba da hidimar makaranta, in nemi tsohuwar Hilux mai fetur da giyar hannu, ko da mai ƙofa biyu ce, wadda kuɗin albasa kaɗai zai iya saya, ta zama ta gona zalla. Hakan bai warware matsalar mu bakwai a mota ɗaya ba, na sani, amma wannan sai baɗi idan Allah ya kai mu, in ga ko zan musanya ƙaramar da Sienna kamar yadda Malam ya faɗa. Bakanike na Runjin Sambo, an nuna mini wata ƙirar 2008 da aka ce ta wani kamfanin gine-gine ce, hayaƙinta yana ɗan yin shuɗi idan an tayar da ita da safe. Idan na kawo ta ranar Asabar bayan sallar azahar, zan same ka a gareji?

Bakanike daga Runjin Sambo

Za ka same ni, in sha Allahu, amma ka ce su kawo ta tun daren Juma'a ta kwana a wurina, domin ina so in tayar da ita da hannuna injin yana da sanyi. Shuɗin hayaƙi na safe kawai yakan zama robobin bawul ne suka bushe, wanda gyaransa bai taka kara ya karya ba, amma idan ya ci gaba bayan injin ya ɗumama, to zoben fistan ne, kuma sai mu sake zama da mai ita a kan farashi. Ka zo da takardun duka, har da na kwastan, Baba na Gidan Igwai ya ce zai biyo ya duba mana lambar.