Neman shawara: tallafin kuɗin raino a New York, mun cancanta kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Bronx muke, mu huɗu: maigida yana tuƙin Uber, ni ina kitso a shago, kuɗin hannu ake biyana. Yaranmu biyu, ɗan shekara uku da 'yar wata goma sha takwas, duk nan aka haife su. Na ji an faɗaɗa tallafin raino, amma wata ta ce mini kuɗin ya ƙare. Wanne ne gaskiya? Kuma mahaifiyata tana nan, za a iya biyanta ta riƙe su?

Wani ma'aikacin jin daɗin jama'a: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, duka biyun gaskiya ne. A 2022 jihar New York ta ɗaga iyakar samun kuɗi zuwa ninki uku na ma'aunin talauci, a Oktoban 2023 ta ƙara zuwa kashi 85 cikin ɗari na matsakaicin samun iyalai a jihar, wanda shi ne maƙurar da dokar tarayya ta yarda a kai. Ga gida mai mutum huɗu iyakar ta haura dala 100,000 a shekara. Sai dai cancanta daban, kuɗi a asusu daban. Masu nema sun yi yawa fiye da kasafin, shi ya sa a Mayun 2025 ACS, hukumar kula da yara ta birnin New York, ta fara sa sababbin masu nema a jerin jira. Duk da haka ki shiga MyCity, shafin intanet na gwamnatin birni, ki cike takardar neman, don wanda bai nema ba ba ya cikin layi.

Sharuɗɗan: yaro ƙasa da shekara 13, kuma ku biyun kowa da dalilinsa na buƙatar raino, aiki ko karatu ko koyon sana'a. Aikin aƙalla awa goma a mako. Matsayin takardun yaro ake dubawa, ba na iyaye ba, naku kuwa 'yan ƙasa ne.

Wata mai taya mutane cike takardun haraji: Inda aka fi faɗuwa shi ne shaidar samun kuɗi, kuma gidanku ya haɗa nau'i biyu masu wahala. Na maigida da sauƙi kaɗan: ya sauke bayanin kuɗinsa daga manhajar Uber, na kusan wata uku a jere tunda abin hawa da sauka yake, ya haɗa da takardar 1099 (wadda kamfanin ke bayarwa mai nuna kuɗin da ya samu a shekara) da ta harajin bara. Ribarsa ake lissafawa bayan an cire mai, inshora da hayar mota, don haka ya adana rasit. Ba rasit, jimillar za ta nuna kamar yana samun fiye da abin da yake kawowa gida.

Naki kuwa, ki buɗe littafi yau: rana, awa nawa, nawa kika samu, nawa mai shago ta cire na kujera. Ki riƙa zuba kuɗin a banki duk mako domin littafin da bankin su yi magana ɗaya. Kada ki rage adadi don a tausaya miki. New York tana duba ko abin da kike samu ya kai mafi ƙarancin albashi idan aka raba shi da awanninki. Wadda ta rubuta awa arba'in da dala ɗari biyu ta kori kanta da hannunta.

Hajiya mai gidan raino: Ƙanwata, batun Mama: eh, ana biyan kaka ko gwaggo, amma sai ta yi rajista a matsayin mai raino da ba ta buƙatar lasisi, a birnin nan wata ƙungiya mai suna WHEDco ke karɓar wannan rajista. Biyan bai kai na masu lasisi ba. Idan kuma bizar ziyara ta kawo ta, ki bar zancen, ba ta da izinin aiki.

In Allah Ya sa aka amince, tallafin na wata goma sha biyu ne, abin da za ki cika daga aljihunki ɗan kaɗan ne a mako. Aiki ya tsaya, akwai aƙalla wata uku na neman wani. Takardar sabuntawa ce kar ki bari ta kwana a akwatin wasiƙa. Wanda ya makara yana iya komawa ƙarshen layi.

Wata malamar makarantar yara: Babban yaron ba sai ya jira wannan tallafin ba. 3-K, ajin 'yan shekara uku na birni, kyauta ne ga duk yaron birnin da ya cika uku a shekarar, ba a tambayar albashi, ta shafin intanet na MySchools ake nema, awa shida da minti ashirin a rana. Ƙaramar ki tambayi Early Head Start mafi kusa, shirin gwamnatin tarayya ne na yara 'yan ƙasa da shekara uku, sai dai iyakar kuɗinsu ta fi tsauri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama da katin zama take, zan kai ta rajista. Littafin kuma da yamman nan zan saya.