Neman ƙarin haske kan kalmar "charge" ta Turanci

Assalamu alaikum, malamai da masana harshe. Ina fassara takardar yarjejeniyar hayar shago daga Turanci zuwa Hausa, amma kalmar "charge" ta hana ni ci gaba. Na san ma'anarta ta cajin waya da ta tuhumar mutum da laifi, wadda daga gare ta muka samu "caji ofis".

Inda na cije shi ne batun kuɗi. A sakin layi ɗaya an rubuta "service charge", a na gaba kuma "legal fee". A fahimtata, "fee" ladan ƙwararre ne kamar lauya, "charge" kuwa kuɗin hidima ne irin su shara da gadi, amma idan na kira su duka "kuɗin aiki", mai haya ba zai bambance kuɗin da zai riƙa biya da wanda zai biya sau ɗaya ba, kuma nan rigima kan taso.

Akwai kuma jimlar da ta ce makullan shagon suna "in the charge of" maigadi. Shin daidai take da "in charge of", ko kuwa ma'anar juyawa take yi? Don Allah a taimaka mini da Hausar da ta dace da kowanne.